Mai Goro a Bakin Tur'a

Kawuna goro yake sayarwa a bakin tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonakin audugar ƙauyenmu, kusa da garin Hajj Abdalla. Sai da na girma na san ainihin aikinsa: kunnen hukuma ne, tun kafin Turawa su tafi. Ranar kasuwa yakan je birnin Madani ya zazzage wa wani jami'in tsaro abin da ya ji.

Dabararsa ɗaya ce. Ya ce wa mutum, "Ina labari?" Mutum ya ce, "Sai alheri." Sai Kawu ya ɓare goro ya miƙa masa rabi, ya yi shiru. Shirun nan ke tatsar mutane: wa ya karkatar da ruwa gonarsa, wa ke zuga manoma su ƙi cirar auduga.

Ni kuwa jami'a na je, na karanta leƙen asiri a littafi, kaina ya kumbura. Na ce masa aikinsa ba tsari ba ƙa'ida. Ya ce, "Kai karatunai kaka yi, ni cikinai nike. Abin da na hwaɗa maka, bar shi ga cikinka."

Ban bari ba. A takardar da na karanta a wani taro a Madani kan 'yan leƙen asiri, na ba da labarinsa, na sakaya sunansa yadda malamaina suka koya mini, na kira shi "wani mai goro a bakin tur'a". Aka tafa mini. Mai goro nawa ne a tur'armu? Malamin makarantar ƙauyenmu yana zauren taron, kuma labari ya riga ni isa gida.

Mutanenmu sun iya mugunta cikin ladabi. Ba wanda ya zage shi. Su ce "Sai alheri" su wuce, su bar hannunsa a miƙe da rabin goro. A masallaci aka riƙa bar masa fili dama da hagu. Jami'in ya sallame shi. Ni kuma da takardar nan na sami aikin koyarwa.

Da ciwo ya kwantar da shi na je na durƙusa, kunya kamar ta kashe ni. Gafara na zo nema, bakina ya kama abin da ya saba: "Kawu, ina labari?"

Ya ce, "Sai alheri."

Na yi shiru irin nasa, ina jira. Ya juya ya fuskanci bango. Ban ƙara jin muryarsa ba.