Ɓarawon Man Motar Baba

Ko zan manta komai na gidanmu a Kafanchan, ban da ranar da aka kama ɓarawon man motar Baba. Har yanzu in mun taru da Kirsimeti sai wani ya tono zancen, Baba kuma ya miƙe wai zai je duba awaki.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, irin mutanen da suka yi imani babu abin da ya fi ƙarfin filaya da waya. Da ya yi ritaya ya sayi wata 'yar mota tokumbo, ƙanena ke tuƙa shi zuwa coci da gonar citta. Ana nan sai mota ta fara shan mai ba ji ba gani. Baba bai yi wata-wata ba ya yanke hukunci: ko dai yaron yana zuƙe man da tiyo, ko kuma yana satar jiki zuwa Madakiya wurin yarinyar da yake nema. Ya karɓe makulli. Ya kuma ce gaisuwar iyayenta da aka riga aka sa rana ya fasa, shi ba zai kai ɓarawo gidan mutane ba.

Kalmar nan ta yi wa ƙanena ciwo ba kaɗan ba. Ya daina cin abinci tare da mu, ya rame. Ni ma raina ya ɓaci, don na san surutu ne kawai ya yi wa yaron yawa, amma hannunsa ba ya ɗauka. Da ƙyar na lallaɓa Baba ya yarda a kai motar wurin wani makanike da ke bayan tasha, mai duba mota da kwamfuta. Sharaɗinsa ɗaya, ƙanena ya zo ya tsaya, don in na'ura ta ce mota lafiyarta lau ya ji da kunnensa.

Makaniken ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya bar inji ya yi zafi. Ya nuna mana wani layi a gilashin na'urar, ya ce saƙon sansar oksijin ne, wata 'yar aba da ke maƙale a jikin salansa tana shinshinar hayaƙi. In iska ta yi yawa sai ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota a ƙara mai, in mai ya yi yawa ta ce a rage. Saboda haka a lafiyayyar mota layin hawa da sauka yake yi ba hutu. Namu kuwa yana kwance a ƙasa abinsa, wato kullum kukan sansar ɗaya ne, iska ta yi yawa, mota kuma tana ta antaya mai.

Baba ya gyara tabarau ya ce to ai sansar ce maƙaryaciya, a cire ta. Makaniken ya ce a'a, a bari a yi mata tambaya tukuna. Ya fesa ɗan mai ta inda inji ke shaƙar iska, nan take layin ya yi tsalle sama, sannan ya koma ya kwanta.

"Baba, gaskiya take faɗa," in ji shi. "Akwai inda iska ke shiga. Ramin za mu nema."

Ya duba tiyo-tiyon inji bai ga komai ba, sai ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota. Muna jin sa yana ƙwanƙwasa, can sai muka ji shiru, sai kuma dariya ƙasa-ƙasa. Ya fito riƙe da gwangwanin madara da aka tsaga aka baje, ya yi baƙi ƙirin, da waya naɗe a jiki. Ashe salansar ta tsage dab da sansar, wani gwani ya ɗaure wurin, iska na kurɗawa ta gefe. Ya tambaya wane makanike ne ya yi wannan aika-aika.

Ni dai na kalli ɗaurin wayar, irin wanda ke jikin ƙofar kejin kajinmu ne sak, da na hannun bokitin Mama. Baba ya yi tari, ya ce ai dutse ne ya bugi motar a hanyar gona ranar da ya tuƙa da kansa, kuma ɗaurin ya riƙe, ko bai riƙe ba? Makaniken ya ce ya riƙe ƙwarai, Baba. Na juya baya ina cizon mayafina.

Ƙanena bai yi dariya ba, idonsa ya kawo ruwa. Baba ya daɗe yana juya gwangwanin a hannu. Mutumin da ban taɓa jin ya ba ɗa haƙuri ba, ranar a gaban masu walda da 'yan acaɓa ya ce, "Na kira ka da sunan da ba naka ba. Ka yafe mini." Ya miƙa masa makulli, ya ce in an gama walda ya kai shi wurin tela, ba zai je Madakiya da tsohuwar riga ba.

Tun daga ranar, in abu ya lalace a gidana ba na saurin neman mai laifi a cikin yara. Nakan fara duba inda hannuna ya taɓa, don ɓarna takan gyaru, amma sunan ɓarawo in ya fita daga bakin uwa ko uba, da wuya ya goge.