Ƙurar da Baba Ya Kawo Gida

Mahaifina, Wenzu Micallef, ya yi kusan shekara ashirin yana shirin mutuwa. Har yau yana nan da ransa a unguwar Greystanes ta Sydney, ya haura tamanin, yana faɗa da tsuntsayen da ke cinye masa ɓaure.

Yana saurayi ya baro Malta ya zo Sydney. Wani ɗan garinsu mai suna Leli ne ya samo masa aiki a tashar da ake gyaran jiragen yaƙi na sojan ruwa. Aikinsu shi ne naɗe bututun tururi da asbestos, wani farin abu mai kama da auduga wanda ba ya cin wuta. Sukan kwaɓa shi da ruwa su shafa da hannu. In jirgi ya shigo gyara kuma, sai su sauka can ƙasa ɗakin inji inda babu taga, su farfashe tsohon da guduma. Baba ya ce wani lokaci ba ka ganin fuskar wanda ke kusa da kai, sai dai ka gane shi da tarinsa. Da lokacin hutu samarin cikinsu sukan dunƙula abin su yi ta jifan juna. Ba wanda ya taɓa ce musu su rufe hanci.

Kullum da yamma yakan dawo fari fat har gashin ido. Mamanmu, Censa, ba ta barinsa ya taka mata ɗaki a haka.

"Tsaya nan, mai gidan burodi," haka take ce masa. "Tuɓe a waje."

Sai ta kwashi kayan aikin ta kai bayan gida, ta kakkaɓe su sosai kafin ta jiƙa, don kada ruwan wanki ya zama kunu.

An rufe tashar Baba yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya koma gyaran famfo a unguwa. Bayan wasu shekaru Leli ya fara haki. Likitoci suka ce cutar kansa ce ta tantanin da ya lulluɓe huhu, wai ita mesoteliyoma, kuma ƙurar nan ce ke kawo ta, ko da bayan shekara talatin ko arba'in. Leli bai kai shekara ba. Daga shi sai Stavros mai walda, sai wasu biyu da suke shiga jirgin fito tare da safe. Baƙar kwat ɗin Baba ta zama ita ce rigar da ta fi kowacce fita a gidanmu.

Da shi ma aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ga tabo-tabo a huhun. Likita ya ce ba kansa ba ce, alama ce kawai ƙurar ta shiga. Mai yiwuwa ta zauna haka har ƙarshen rayuwarsa, mai yiwuwa kuma a'a. Baba rabin ƙarshen kawai ya ji.

Daga ranar ya fara shirya Mama don zaman da za ta yi ba shi. Ya nuna mata inda ake kashe ruwan gidan da inda ake canja fis. Ya tilasta mata koyon mota tana da shekara sittin, har ta buge kwandon sharar maƙwabta. Ya daina sayen sabon takalmi. Kowace safiya yakan hau gangaren da ke zuwa coci da sauri, ba don ibada ba, don ya gwada ƙirjinsa. In ya yi tari sau ɗaya a kan tebur, sai ya ajiye cokali ya yi tsit, mu ma duk mu yi tsit.

"Wenzu," in ji Mama wata rana, "in mutuwar za ka yi, ka yi mu huta. In ba yau ba ce, famfon kicin yana yoyo."

Ya yi dariya ya tashi ya gyara. Amma da ya gama sai ya kira ta ya nuna mata yadda ya yi.

Duk hankalinmu yana kansa, shi ya sa ba mu lura da ita ba. Ta fara tsayawa a tsakiyar gangaren cocin, ta ce furannin gidan wasu take kallo. Ta rage cin abinci, ta ce ƙiba take gudu. Ni ce babbar 'yarsu, Dolores, kuma ni na fara tsarguwa, ranar wata Lahadi da na tarar da ita tana juya miyar zomo a zaune a kan kujera, ta dafe haƙarƙarinta na dama. Mama ba ta taɓa girki a zaune ba.

A asibiti aka zuƙe mata ruwa mai yawa daga ƙirji, aka ɗauki ɗan nama aka tafi gwaji. Ranar da sakamako ya fito, likitar ta tambaye ta ko ta taɓa aiki a masana'anta.

"Ɗinki na yi a gida," in ji Mama.

"Maigidanki fa, wane aiki ya yi?"

Baba ya miƙe ya fita. Can na same shi a wurin ajiye motoci, tsaye a jikin motar wasu, yana ta ƙoƙarin buɗe ta da makullinsa.

Wata nas ce ta haɗa mu da lauya, wata mata mai suna Kirkwood da ta saba da irin wannan shari'a. Ta zo har gida, ta yi mana bayani dalla-dalla. Da Baba ne ya kamu, akwai asusun ma'aikata da zai ɗauki nauyin maganinsa ya riƙa ba shi na wata-wata, ba sai an je kotu ba. Amma Mama ba ta taɓa zama ma'aikaciyarsu ba, don haka hanyarta ɗaya ce, ta kai ƙarar masu tashar da waɗanda suka sayar musu da kayan, ta nemi diyya. Akwai kotu ta musamman don masu cutar ƙura, ba ta jan lokaci, in ta kama alƙali yakan zo har bakin gadon majiyyaci.

"Abu biyu ne ba zan ɓoye muku ba," in ji ta. "Dole a shigar da ƙarar tana raye, in ba haka ba kaso mai yawa na haƙƙinta ya tafi. Kuma muna buƙatar wanda zai faɗi yadda ƙurar take a wurin aiki da yadda take zuwa gida. Waɗanda suka sani yawanci sun rasu."

Duk muka juya muka kalli Baba.

"Wato in tsaya gaban alƙali in rantse cewa ni na kashe matata," ya ce. "Ku riƙe kuɗinku."

Ya fice lambu. Makonni suka wuce a haka. Mama tana ramewa a idonmu, an kawo mata tukunyar iska, daga gado zuwa banɗaki sai ta huta a hanya. Ƙanwata Marlene ta yi masa faɗa har muryarta ta dishe, shi kuwa yana ta yi wa waken lambunsa ban ruwa kamar da bango take magana. Ni na bi shi da lallashi, ya ce, "Dolores, ke ma?" Ban ƙara ba.

Wata hantsi Mama ta ce in kira mata shi. Ya shigo da taɓo a ƙafa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Zauna, tsoho. Ba ni da numfashin yin magana sau biyu."

Ya zauna a gefen gadon.

"Ina so in mutu a kan gadon nan, ba a asibiti ba. Wannan sai da nas mai zuwa gida, kuma ba zan yarda yarinyar nan ta bar aikinta ta zauna goge ni ba. Ka ji ɗaya. Na biyu, shekara nawa ka yi kana koya min zaman takaba? Kai wa zai koya maka? Ko ƙwai ba ka iya soyawa ba."

"Ni na kawo miki ciwon nan, Censa. A jikina."

"Albashi ka kawo min. Shi na san ka fita nema. Ɗayan kuwa haɗo ka da shi aka yi, kuma waɗanda suka haɗo ka da shi nake so a tambaya. In ka yi shiru, su ka rufa wa asiri, ba ni ba."

Ya miƙe ya cire takalminsa ya kai waje. Da ya dawo ya ce in kira lauyar nan.

An shigar da ƙarar, aka sa rana. Ana saura 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe Mama, aka kwantar da ita a asibiti, har ta fara kiran sunan ƙanwarta da ta rasu a Malta. Lauyar tana kirana safe da yamma, ni kuma ba ni da abin da zan gaya mata. Baba ya ƙi zama, ya ƙi cin abinci, sai kai da komo yake a baranda. Da ƙyar zazzaɓin ya sauka aka sallamo ta.

A falonmu aka yi zaman. Alƙalin ya zo da kayan gida, ya zauna a kujerar cin abinci. Lauyan ɗaya ɓangaren mutum ne mai ladabi, har ya taya mu gyara mata filo. Mama ta sa an gasa pastizzi, wani fanken Malta mai cuku a ciki, ta ce ba a shiga gidanta a fita da yunwa, ko da wanda ya zo ƙaryata ta ne. Ta ba da shaida a hankali, tana yi tana hutawa. Baba ya biyo baya. Ya fara da bayanin ɗakin injin, ya faɗi komai, har da jife-jifen da suke yi.

Kusan ƙarshe lauyan nan ya tambayi Mama ko akwai wanda yake kusa da ita in tana kakkaɓe kayan.

"Yaran mana," ta ce. "Dolores ke miƙo min su daga kwando. Marlene kuma tana goye ko tana wasa a ƙasa."

Sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa. Baba ya juyo ya zuba min ido. Ina jin dukanmu mun taɓa tunanin cewa mu yaran ma mun shaƙi ƙurar, ba wanda dai ya furta.

Ba a kai ga yanke hukunci ba masu tashar suka nemi a sasanta. Aka samu nas mai zuwa kullum, aka sa wa Mama gadon da ake ɗagawa. Da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta sa aka riƙa tura ta kicin, tana zaune tana ba Baba umarni, tana zaginsa in ya ƙona albasa. Ta rasu a Yuli, tsakiyar lokacin sanyi a nan, a ɗakinta, Baba yana riƙe da carbinta don hannunta ya kasa.

Ni da Marlene mun ga likita. Ya ce haɗarin ba shi da yawa, kuma babu abin da za a yi sai sa ido, in mun ji haki ko ciwon ƙirji mu zo da wuri. Marlene ta ce kada wanda ya ƙara yi mata maganar, kuma ba a ƙara ba.

Baba yana zaune shi kaɗai, ya ƙi komowa wurina. Kullum da safe sai ya kira ni. Yau ya manta yawan gishirin da ake sa wa taliya, gobe yana tambayar yaushe ne bikin jikarsa, alhali ya sani. Yakan bar ni in yi ta magana, shi ya yi shiru, kuma na san ba maganar yake saurare ba, numfashina ne.

Makon jiya mura ta kama ni, na sa mijina ya ɗauki wayar Baba ya ce ina wanka, don kada ya ji tarina. Kafin azahar sai ga Baba a ƙofar gidana, ya sha hanya a bas, da ledar lemon tsami daga lambunsa.

"Mura ce, Baba. Kowa a ofis yana yi."

"Na sani," ya ce. "Wucewa na zo yi."

Ya shiga kicin ya dafa min ruwan lemon da zuma. Ya zauna yana kallona har na shanye, bai tafi ba sai da yamma.