Zakaran Ƙarfen da ke Kan Cocin Brickfields

Wannan abu a Kuala Lumpur ya same ni, shekarar da korona ta kulle duniya, kuma wallahi ba ƙari a ciki, ni ba yarinya ba ce da zan zauna da furfurata ina shirya zance. Daga Zariya na tafi, matar ɗana Rukayya ta haifi ƴa mace, Hanifa, ita kuma mahaifiyarta ta rasu, sai na ce bari in je in yi mata wankan jego in juyo bayan arba'in. Ban gama ba aka rufe filin jirgi, aka rufe kasuwa, har masallaci aka rufe, aka ce kowa ya zauna inda yake.

Ɗan nan nawa shi ne na fari, saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Mu haka muka taso. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a shiga ɗakin kwanansa, kakarsa ce ma ta goye shi. In zan yi zancensa sai in ce mutumin nan. Yana sayar wa ɗalibanmu na can kayan miya na gida, kuka da daddawa da kilishi, kuma yana zaune a Brickfields, unguwar Indiyawa, can saman wani dogon bene da in ka leƙa ƙasa sai jiri ya ɗebe ka.

To ni ba boko na yi ba, talabijin ɗinsu ba na jin yarensa, waya kuma in ba kira ba ban san kanta ba, sai baranda ta zama wurin zamana, da carbina. A ƙasan barandar nan, tsakanin dogayen gine-ginen gilashi, akwai wani tsohon coci da Turawa suka gina tun zamanin mulkinsu. Da farko kawar da kai nake yi, na ce me ya haɗa ni da shi. Amma ni jikar magina ce ta wajen uwa, a gabana aka ɗaure bakan soro da azara, in na ga aikin hannu ba na iya yin kamar ban gani ba. Tun ina harararsa har na koma kallonsa.

Kai, wanda ya yi ginin nan gwani ne, ko a gaban waye zan faɗa. Daga sama rufin ya fito gicciye sak, wato tun daga harsashi maginin ya san abin da yake so tsuntsu ya gani. Kowane bango an tokare shi daga waje da ginshiƙi mai faɗin ƙafa, kamar dattijo ya dogara sanda. Tagogin dogaye ne masu tsinin kai, kamar mutum ya haɗa tafin hannuwansa biyu. Garin nan ruwa yake sauka kamar da bakin ƙwarya, sababbin benayen duk sun yi zanen baƙi a jiki, shi kuwa indararonsa na kwashe ruwan su zubar nesa da bango, ko a jikinsa. A can ƙolin hasumiyar, saman gicciyen ma, akwai zakara na ƙarfe, ya yi kore-kore don tsufa, ƙirji a gaba, jela a buɗe.

Na tambayi Rukayya me zakara ke yi a kan ɗakin ibada, ta ce, "Inna, na iska ne. Inda iska ta fito, nan yake juya baki."

Na ce to. Amma ni ina da sa ido, wannan kowa ya shaida a gidanmu. Wata rana da azahar, rana ta take, kayan jaririya na shanye a igiya ko motsi ba sa yi, sai na ga zakaran nan ya juya a hankali, ya tsaya yana fuskantar layin masu sayar da furanni. Washegari motar asibiti ta tsaya a layin nan. Na ce dace ne. Bayan nan ya juya ga wani gida da leburori baƙi ke cunkushe a ciki, ba a jima ba aka zo aka kewaye gidan da waya, aka yi ta fitar da mutane. Na ƙara cewa dace ne, amma na fara tofar da yawu duk lokacin da idona ya sauka a kansa, don a raina na riga na sa shi a sahun mujiya.

Muna da maƙwabciya, Anti Rosi, tsohuwa ce Ba'indiya Kirista, bango ne kawai tsakanin barandarmu da tata, takan miƙo mana miya a ƴar roba ni kuma in miƙa mata dambu. Ita ta kama ni ina tofi, ta tambayi Rukayya me zakaransu ya yi min. Rukayya ce ke fassara mana, tana yi tana dariya. Anti Rosi ta ce a jirgin ruwa wani limaminsu Bature ya zo da shi daga ƙasarsu, inda ake sa irinsa a kan tsofaffin coci. Ta ce a littafinsu wani daga cikin almajiran Annabi Isa tsoro ya kama shi ya ce bai san malaminsa ba, carar zakara ce ta dawo da shi hayyacinsa ya fashe da kuka, shi ya sa suke ɗora shi sama, yana ce wa mutane su farka. Ta ce tsofaffin unguwar suna cewa yana duban wanda barcinsa ba na lafiya ba ne, Malayawa ƴan asalin ƙasar kuma su ce kowane tsohon gini da mai gadinsa da ba a gani.

Na ce, "Gaya mata Allah ne mai gadi."

Ta ce ai ita ma haka ta ce. Ranar na tuna malaminmu na gida da ya hana mu zagin zakara, ya ce shi ke tashin mutane salla, kuma in ya yi cara mala'ika ya gani. Na daina tofi, amma ban daina kallo ba.

Ana nan sai zazzaɓi ya kama mutumin nan. Saboda jaririya ya kulle kansa a ɗaki, Rukayya na ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Ni ba zan tambaye shi ba, sai dai in ce mata, "Mutumin naki ya ci?" Shi kuma ya jiyo ni ta cikin ƙofa ya ce, "Da sauƙi, Inna, zazzaɓi ne kawai." Ba tari mai yawa, ba nishi, murya lafiya ƙalau. Ya ce asibitoci sun cika, ba zai je ya tare gadon wanda ya fi shi buƙata ba.

Ranar da abin ya faru na idar da azahar ke nan, na fito baranda. Iska ko ta hure fitila babu. Sai na ga zakaran ya fara juyawa, ya wuce tashar jirgin ƙasa, ya wuce layin masu furanni, ya zo kan benenmu ya tsaya. Kuma ba ni ya fuskanta ba, ya ɗan karkata hagu, daidai tagar ɗakin da mutumin nan yake kwance. Inna lillahi. Carbin ya faɗi daga hannuna.

Na ƙwala wa Rukayya kira ta fito da goyo, ta duba ta ce, "Inna, ni dai ga shi nan yadda yake kullum. Kuma yanzu ya turo min saƙo, ya ce barci zai yi, kada a tashe shi."

Na ce, "Shiga ki duba shi."

"Inna, ina shayarwa fa. Shi ya rantse kada in shiga."

Gaskiya ta faɗa. Na tsaya a bakin ƙofar nan zuciyata ta kasu. Ɗaya ta ce ke Musulma, da shekarunki, ƙarfen kan coci ne zai aike ki? Ɗaya ta ce ɗan fari ne, uwarki ba ta taɓa shiga ɗakin wanki ba, kakarki ma haka, yau ke za ki zubar da kunya a gaban suruka? Na yi sallama, shiru. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na ce ya Allah, ba ƙarfe nake bi ba, Kai nake bi, in camfi ne Ka yafe min. Na ja mayafina na ɗaure hanci na tura ƙofa.

Yana jingine da filo, waya a kan ƙirji, ido rabi a buɗe, kamar mai jin daɗin hutu. Amma leɓɓansa sun yi toka-toka, faratansa sun sauya launi, numfashin sama-sama kamar na ɗan tsako. Na ce, "Kai." Bai motsa ba. Na ce, "Baban Hanifa." Bai motsa ba. Na kama kafaɗarsa, wadda rabon hannuna da ita tun yana tsumma, na girgiza, kansa ya langaɓe gefe. Sai na buɗe baki na kira sunansa, sunan yanka, da ƙarfin da har Anti Rosi ta ji ta cikin bango.

Ya buɗe ido ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce da wata ƴar murya, "Inna, ke ce? Ashe kin san sunana."

Na ce, "Rufe min baki. Rukayya, kira motar asibiti."

Suka zo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka ɗauke shi. Likitar da ta kira Rukayya daga baya ta ce iskar jininsa ta yi ƙasa ƙwarai, ciwon nan yana da wannan yaudarar, mutum na tafiya yana cewa lafiyarsa ƙalau, da an bar shi ya yi barcin nan zuwa la'asar da sai dai wani zancen. Ya daɗe a asibiti, ya dawo kamar a hure shi ya faɗi, amma ya dawo da ƙafarsa, alhamdu lillahi. Ni kuwa da na shiga ɗakin ko atishawa ban yi ba.

Da aka sassauta kulle na ce wa Anti Rosi ina so in ga ginin nan kusa. Rukayya ta zaro ido, na ce kallo zan je, ba salla ba. Muka tafi mu uku da hantsi, ba kowa sai wani tsoho mai kula da wurin. A bakin ƙofa na yi sallama, don tsohon gini ko na waye ba a faɗa masa kai tsaye. Jama'a, cikin ya fi wajen. Sanyi kamar cikin soron ƙasa, ba fanka ba na'ura. Bakuna sun tashi daga kan ginshiƙai sun haɗu a sama, haƙarƙari bayan haƙarƙari, irin ɗaurin gugan da na sani a gida, sai dai nasu ya fi tsini. Tsohon ya ce in ɗaga kai in duba da kyau, ai jirgin ruwa ne aka kifa, jirgin Annabi Nuhu, duk wanda ya shigo ya shiga jirgi. Na duba, wallahi haka ne. Rana ta ratso gilashin tagogin, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suka zubo a bayan hannuna kamar an yi min lalle. Na ce Allah Ya ba bayinSa basira, ko ta ina.

Da za mu fita na ce Rukayya ta tambaye shi wa ke hawa yana sa wa zakaran mai, don juyinsa ba ƙara ko kaɗan. Ta tambaya. Tsohon ya yi dariya ya yi magana mai tsawo, na ga fuskar Rukayya ta sauya.

Na ce, "Me ya ce?"

"Inna, ya ce zakaran ba ya juyawa. Tun yana saurayi wata guguwa ta kusa tsinko shi, aka hau aka yi masa walda aka kashe shi wuri ɗaya. Gabas yake kallo, ko iska ta tuge bishiya ba zai motsa ba."

Muka fito tsakar wurin na ɗaga kai. Gabas yake kallo. Benenmu kuwa yana bayansa.

Na hana Rukayya gaya wa mutumin nan, don bai san ina kallon wani zakara ba, kuma ban ga amfanin ya sani ba. Sai ana gobe zan taso gida, ina ɗaure kaya, na jiyo shi a falo yana ce mata, "Wai ni wa ke kiwon kaji a benen nan? Ranar da aka kai ni asibiti, duk sanda barci ya fara jana sai wani zakara ya ƙwala cara a saitin kunnena, da rana tsaka. Ya hana ni sakat, har Inna ta shigo."

Rukayya ta ɗago kai ta dube ni ta ƙofa. Na ci gaba da ɗaure kayana.

Ni na ga juyi ban ji cara ba, shi ya ji cara bai ga juyi ba, Rukayya da ke tsakaninmu ba ta ga ko ɗaya ba. Na kai wa malamai zancen a Zariya, wani ya ce ido ne, wani ya ce Allah na aiko gargaɗi ta inda Ya ga dama. Ni ban sani ba, kuma ba zan ce na sani ba. Har yau in zakaran gidanmu ya yi cara da azahar, tsikar jikina sai ta tashi.

Abin da zan gaya muku shi ne, in kun ga ginin mutane, ko ba na addininku ba ne, ku dubi aikin ku kama bakinku. Kuma in kuna da majinyaci a bayan ƙofa yana ce muku da sauƙi, kada ku karɓi zancen ta cikin katako. Ku tura ƙofar ku dubi leɓɓansa.