Tabon da na goge a allon gem

Shekarun baya, muna sabon aure a Gusau, na ɗauko wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni. Ni littattafan soyayya suka raine ni, a cikinsu kuwa namiji ba ya tambayar mace abin da take so. Sai dai ta wayi gari ta ga abin a ƙofar ɗaki, ta fashe da kukan daɗi.

Matata 'yar Tsafe ce. Yayanta, Allah ya jiƙansa, ya taɓa riƙe shagon gem a can, irin mai dogon akwatin katako da ake bugawa a tsaye. Tun da ya rasu ta kasa ambatonsa. Sau ɗaya ta taɓa ce min tana yarinya yakan ɗora ta kan benci ta buga wani wasan jirgin sama mai harbi. Daga nan na ƙudurta zan dawo mata da akwatin nan, ko bakinta zai buɗe.

Wani kafinta a Bungudu ya haɗa min katakon. Na sayi tsohuwar monita mai ƙeya da 'yar kwamfuta, na sa manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin injinan gem, na kulle komai a shagona na ƙofar gida.

Ranar farko wasan ya fito ɗan siriri a tsakiyar allo, baƙi hagu da dama. Ashe dogon allo yake so, sai an tsayar da monitar a kan gefenta. Ramin akwatin bai ɗauke ta haka ba, dole na mai da shi Bungudu aka sake yanka. Da ya dawo, jirgi ya riƙa tashi ta gefe. Na juya hoton a saiti, ya koma kai ƙasa. Na daidaita, aka ɗauke wuta ban adana ba. Haka kullum in na taso aiki, har idona ya fara ruwa.

Abokina da muke ofis ɗaya, ɗan kudu ne amma Hausa a bakinsa, ya leƙo ya ce, "Ango, kowa na hira da amarya, kai kana hira da katako."

Matata ma ta gaji. Ta tsaya daga bayan ƙofa ta ce, "Malam, ko in kawo maka filo nan?" Na yi murmushin jarumin da ke riƙe da sirri.

Abin da ya fi wahalar da ni wani tabo ne shuɗi-shuɗi a kusurwar sama. Na taɓa duk wani saitin launi, yana nan. Da ƙyar na gano maganaɗisun sifika ne da na ɗaure kusa da monitar. Na sauko da sifikar ƙasa, na yi ta kashe monitar ina bari ta huce ina kunnawa, har allo ya fita fes.

Ranar da na gama, bayan la'asar na kira matata. Ta kama sandar tuƙa jirgin, ta ɗan buga, ta saki. Babu kuka. Ta ce, "An gode, Allah ya saka. Wasan ne, amma ba shi ba ne. Na Yaya akwai tabo nan sama. In jirgin abokan gaba ya shiga ciki ba a ganinsa, sai ya ce in dinga harbi can ko ban ga kowa ba."

Na zauna a ƙasa. Gajiyar makonnin nan duk ta sauko min lokaci ɗaya. Da na huta, na ɗauko sukundireba na mai da sifika inda take. Tabon ya dawo. Ta riƙa harbi cikinsa, tana harbi tana ba ni labarin yayanta, yadda yake cin rake, yadda yake korar masu maguɗi, har aka kira magariba.

Har yau in na tuna sai bayana ya amsa. Da na yi mata tambaya ɗaya da ta rage min rabin wahalar, amma littafi bai koya min tambaya ba. Yanzu ko atamfa zan saya sai na ji wace kala take so. Akwatin yana falo, baƙi in sun gani sukan ce sun san mai gyaran monita. Sai matata ta riga ni amsawa, ta ce a bar mata shi haka.