Sunan da Babanta Ya Zaɓa

Muna tsinkar zogale a tsakar gida, nake ba kakar mijina, Hajiya Talle, labarin wani littafi da na karanta, wanda a cikinsa Jamus ce ta ci Yaƙin Duniya na Biyu.

Na ce, "Hajiya, da yanzu da Jamusanci kike mini faɗa!"

Ta ce, "Amarya, ina ruwana da wanda ya ci? Da dai yaƙin ya ƙare kafin a kai babana Burma. Ina goye ya tafi. Da ya dawo, wa zai laƙaba mini sunan marayu?"

Na tambayi sunanta na yanka.

"Bilkisu. Shi ya zaɓa."

Na ce, "Sannu, Hajiya Bilkisu." Ta daɗe tana murmushi.

Ku fa, kun san sunan kakarku na gaskiya?