Yadda Aka Raba Tsamiyar Gidanmu

Bazara ce, kuma tun da aka kawo ni aure Zaitawa ban ga zafi irin na shekarar ba. Ruwan randa kan yi ɗumi kafin azahar, ƙyauren ƙarfe ba ya taɓuwa, wutar lantarki kuwa sai a kwana uku ba a kawo ba. Ni ina cikin takaba, saura kwana goma sha tara in fita.

Gidan da muke ciki na mahaifin maigidana ne. Maigidana da wansa suka gada, ba su taɓa rabawa ba har Allah ya yi wa maigidana rasuwa. A tsakar gidan akwai wata tsohuwar tsamiya, mutum biyu ba sa iya rungume gindinta. A ƙarƙashinta ɗakin Gwaggo yake, ƙanwar mahaifinsu. Ta tsufa ƙwarai, ba ta taɓa haihuwa ba, da mijinta ya rasu ta dawo ɗakin da aka haife ta. Tun da azara ta ruɓe aka yi masa rufin kwano, ga shi gajere, taga ɗaya kamar tafin hannu. Inuwar tsamiyar nan ce kaɗai ta hana shi zama tanda.

Wata safiya Yaya, haka nake kiran wan maigidana, ya shigo da malamai biyu da magini, ya ce za a fitar wa marayu haƙƙinsu. Aka ja igiya daga bakin zaure zuwa bangon baya. Ɗakina da na Gwaggo suka faɗo a ɓangaren 'ya'yana, igiyar kuwa ta bi ta tsakiyar gindin tsamiya. Ɗaya daga cikin malaman ya ce ai ana iya barinta ta zama ta kowa. Yaya ya ce shi ba ya son tarayya da marayu ko a ganye ɗaya, kada a tambaye shi ranar gobe. Kowa a gidan ya san sito yake so ya gina, na takalman da yake sayarwa a Ƙofar Wambai, kuma magini ya ce masa saiwa za ta fasa tubali. Aka tsayar da magana: a sare, a raba itacen biyu.

Da yamma 'yar farina ta dawo daga makaranta ta ji labari. Ta buɗe wani littafi ta ajiye mana a tabarma, ni da Gwaggo. Hoto ne na bishiya da saniya da mota da teku, da kibau suna zagayawa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausa nake karantawa, ita ma da yatsa, don haka ita ta yi mana bayani. Ta ce akwai wata iska da ke fita daga hayaƙi da numfashi, sunanta kabon. Bishiya ce ke shanye ta ta ganye, ta mayar da ita itace, ta riƙe. In an ƙone itacen, duk abin da ta tara tun tana tsiro sai ya koma sama. In ya yi yawa a can sai ya lulluɓe duniya kamar bargo, zafi ya shigo ya rasa hanyar fita. Teku ma yana sha, ta ce, amma ya sha har ruwansa ya fara tsami, abubuwan da ke cikinsa suna wahala.

Gwaggo ta yi dariya. "Ke 'yar nan, wa ya ɗanɗana ya gaya muku?"

"Wallahi Gwaggo an auna."

"To su ji da tekunsu. Ni dai a bar min inuwata."

Na san in na je wajen mai unguwa zai saurare ni, don ya san Gwaggo tun yana yaro. Amma a gidanmu mai takaba ba ta taka ƙofar zaure. Na ce a raina kwana goma sha tara ai ba yawa, zan lallaɓa Yaya ya jira. Ban aika kowa ba, don kada a ce tun ƙasar kabari ba ta bushe ba na fara kai ƙarar dangin miji. Wannan kuskuren har yau yana ci na.

Da Yaya ya shigo da magini washegari na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Na ce, "Yaya, don Allah a bari damina ta faɗi. Ɗakin Gwaggo ba zai zaunu ba." Sannan na miƙa masa littafin, na fara faɗin abin da yarinyar ta koya mana.

Ya riƙe shi da yatsa biyu. "Iko sai Allah. Malama, ashe har an kai ajin teku? Ke da ko dam ɗin Tiga ba ki taɓa gani ba?" Ya juya wajen magini. "Ka ji, wai tsamiyar nan ce ke riƙe da duniya. In mun sare ta kifi zai mutu a Legas."

"Baffa, ba haka ta ce ba," in ji 'yata.

"Ke rufe min baki. Ubanki ma bai yi musu da ni ba." Ya jefar da littafin a kan turmi. "Zafi daga Allah yake. Wanda ya ji ya yi fifita."

Kwana biyu bayan nan masu inji suka zo. Daga hantsi zuwa la'asar suka gama da tsamiyar. Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta, garin katako yana sauka a kan mayafinta, ba ta kaɗe ba. Aka tsiba itacen kashi biyu, har ƙirare sai da aka raba. Nasa a ranar ya sayar wa masu gidan burodi. Namu aka jibge a jikin bangona.

Daga ranar rana ta samu kwanon ɗakin Gwaggo, tun fitowarta har faɗuwa. Na roƙe ta ta dawo ɗakina mai rufin ƙasa, ta ƙi. "A nan aka yanke min cibiya," ta ce, "ba ɗan da na goya ne zai tashe ni ba." Muka riƙa jiƙa buhuna muna shimfiɗawa a kan rufin, kafin a idar da salla sun bushe. Ina jiƙa zane in rufa mata, 'yata tana yi mata fifita. Na aika a roƙi Yaya aron tamfol ɗin da ya rufe siminti da shi mu yi rumfa. Ya aiko cewa in bangonsa ya tashi za mu samu inuwa kyauta. Bangon ya tashi cikin mako biyu. Bai kawo inuwa ba, sai ma ya tare 'yar iskar da ke shigowa ta wajen zaure.

Ranar da na fita takaba na yi wanka na ɗaura sabon zane. Ba ni da sauran abin da zan kai wa mai unguwa, sai na koma na zauna wajen Gwaggo. A lokacin ta daina cin abinci, ruwa ma sai da cokali. Na sa aka kira mai kemis na bakin layi, ya ce jikinta ya bushe, a fitar da ita daga ɗakin nan. Da muka zo ɗagawa ta riƙe ƙafar gado da ɗan ƙarfin da ya rage mata, tana girgiza kai. Na sake ta. Kwana uku bayan haka, tsakanin azahar da la'asar, na shiga da ruwa na tarar ta cika. Filon da ke ƙarƙashin kanta da zafi kamar an sauke shi daga wuta.

Kafin magariba an kai ta. Yaya ne ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa. Ina jiyo muryarsa yana cewa uwa ya rasa, ita ta goya shi, har yana share hawaye. Da mutane suka ragu ya leƙo tsakar gida.

"Malama, gobe 'yan'uwa za su zo daga ƙauye, a ɗora babbar tukunya. Shinkafa na kawo. Itace kuwa ai kuna da shi, ya bushe."

'Yata ta miƙe za ta yi magana, na riƙe mata hannu.

Da gari ya waye na share murhu, na jawo itace huɗu daga jikin bango na hura. Na dafa shinkafar, na zuba a manyan faranti. Na farko na rufe shi da faifai, na ce a miƙa wa Yaya a zaure.