Bindigar da Sifis Ya Goyo Daga Anatoliya

Kafin a tafi da shi soja babu mai kiran Sifis kaftin. Makiyayin awaki ne a ƙauyenmu, can saman duwatsun tsibirin Kirit a ƙasar Girka, kuma abu biyu aka san shi da su: cukunsa ba ya tsutsa, sannan in jaki ya ƙi tsallaka rafi yana iya saɓa shi a kafaɗa ya tsallaka da shi. Ƙato ne na gaske, wuya kamar turmi. Abin da ba wanda ya sani sai matarsa Argiro shi ne ƙaton nan ba ya ƙaunar ƙarar bindiga ko kaɗan. A wurinmu kuwa, inda ake harbi in an haihu, a yi harbi in an yi aure, a yi harbi in an rasa dalilin harbin, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne.

A shekarar 1920 aka kwashe su zuwa yaƙin Anatoliya. Saje ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wannan ai ba a ba shi bindigar kowa da kowa, a kawo masa ƙaramar mashinga, irin mai ƙafafu biyu da ake harbawa a kwance. Nauyinta oka bakwai a awon can, wajen kilo tara ke nan. Guda takwas aka kawo wa rukuninsu cikin akwatuna, duka ƙirar Faransa, duka kamarsu ɗaya. Bakwai suka karɓi harsashin Faransa, gajeren nan mai ƙaton gindi. Ta Sifis ta ce ba ta san zance ba. Aka tura, aka murɗa, saje ya zage ta ya zagi uwarta, harsashi ya tsaya a bakin ƙofa.

Maƙerin bataliya ya leƙa cikinta da tabarau, ya yi tsaki.

"Faransawa ne suka ƙera ta, amma wa sojan Amurka. Maƙogwaronta daban ne. Wani ɗan iska a tashar jirgin ruwa ya haɗo ta cikin namu. Sai harsashin Amurka."

"To ina harsashin Amurkan?" in ji saje.

"A Amurka mana."

Sifis ya ji wani sanyi har cikin ransa, ya ɗauka za a mai da shi wajen alfadarai. Ina! Saje ya ce rukuni mai mashinga takwas ba zai koma mai bakwai a hannunsa ba, kuma abokan gaba in sun hango ta daga nesa ai ba su san yunwa take ji ba. Haka Sifis ya goyi ƙarfen nan shekara biyu da 'yan watanni, ya hau dutse da ita, ya ratsa fako da ita, yana goge ta da man zaitun. In an fara ɓarin wuta sai ya kafa mata ƙafafu, ya kwanta a gefenta, ya toshe kunnuwa.

Da aka karya su aka juyo da gudu zuwa teku, kowa ya zubar da abin da ke hannunsa, har masu anini a kafaɗa. Sifis bai yar da tasa ba, don ba wanda ya ce ya yar. A bargo ya naɗe ta ya hau jirgi, ana matsa masa hanya ana tsammanin mai rauni ya ɗauko.

Ranar da ya iso, maza shida ne suka dawo mana cikin goma sha tara, biyar ko takalmi babu. Na shidan kuwa ga shi da bindigar da ba a taɓa ganin irinta a duwatsun nan ba. Mutane na cikin baƙin ciki, suna neman abin da za su riƙe, sai suka riƙe Sifis. Kafin ya gama wanke ƙafa ya zama Kaftin Sifis.

Don Allah a yi masa adalci, bai taɓa yin ƙarya ba. In an ce, "Kaftin, mutum nawa ka kayar?" sai ya ce, "Ban ƙirga ba." In an ce, "Yaya ƙararta take?" sai ya sunkuyar da kai, a ce a ƙyale shi, abin ya taɓa shi. In ana harbin bikin Ista ya sulale zuwa garke, sai a ce ƙananan bindigogi ne ke ba shi haushi. Sauran biyar ɗin a wasu bataliyoyi suka yi, ba su da ta cewa. Aka ba shi kujerar gindin bishiya a shagon gahawa, aka riƙa kawo masa shari'ar iyakar gona, shi da ko kaza ba ya iya tsawatarwa.

Sai dai mutanenmu ba su iya ganin bindiga a rataye tana shiru. Kowa so yake ya ji muryarta. Duk wanda ya je birni, ko ya tono wani abu a akwatin kakansa, sai ya taho da harsashi a aljihu. Nan Sifis ya zama malami. Ko dubawa ba ya yi, da yatsa biyu yake murzawa.

"Na Faransa ne, dubi gindinsa. Ba ya shiga."

"Wannan namu ne na Girka, siriri, zai faɗa ciki kamar tsinke a rijiya."

"Na Turkiyya, gajere ne, zai yi ta rawa a ciki. Wannan na Jamus, kansa ya yi kauri. Wannan na Ingila. Wannan na Bulgariya. Wannan kuma, baba, ba harsashi ba ne, marfin alƙalami ne."

Yana faɗa yana girgiza kai kamar mai takaici, a ransa kuwa yana gode wa duk waliyyan da ya san sunansu. Shekara goma sha uku ana haka. Argiro kan ce, "Duk ƙauyen nan ba mai tsantsanin ci kamar kishiyar nan tawa ta ƙarfe. Ni da za ka shafa mini rabin man da kake shafa mata, da ban tsufa ba."

'Yarsu ɗaya, Hariklia. Ita ta ga wani saurayi Lefteris a bikin sausayar tumaki ta ce shi take so, shi ma ya kasa cin abinci mako guda. Matsalar ita ce uban yaron. Manusos na ƙauyen sama ne, daga gidan da ke lissafa kakanni da yaƙe-yaƙen da suka mutu a ciki, gidan da ya taɓa mayar da amarya daga ƙofar coci don an gano kawunta ya gudu a fagen fama. Shi kansa Manusos mashinga ya riƙe a Anatoliya. Mutum ne siriri, ba ya dariya, ba ya zancen yaƙi. Da aka faɗa masa 'yar makiyayi ce ya ɗaure fuska. Da aka ce 'yar Kaftin Sifis ce ya ce, "To."

Ranar da suka zo neman aure, da rana tsaka, sun taho da ƙanin Manusos, wato Rusos, wanda ya yi shekara ashirin yana haƙar kwal a Amurka ya dawo da haƙorin zinariya da surutu kamar rediyo. An ci cuku, an sha giyar raki, sai idon Rusos ya kai bango.

"Kai! Ita ce wadda ake faɗa? Wadda ta ƙi cin abinci?"

"Ita ce," in ji Sifis. "An gwada komai."

"An gwada wannan?" Rusos ya sa hannu a aljihun falmaran ya zaro wani dogon harsashi mai sheƙi. "Da shi muke harbin barewa a can. Na taho da bindigar farautar da harsashinta akwati guda."

Sifis ya karɓa ya murza. Tun kafin yatsunsa su kai gindin harsashin ya gane nata ne. Ya so ya ce ya yi tsawo, amma idon Manusos na kansa. Ya sauko da bindigar, ya ja mabuɗin, ya ɗora harsashin. Sulub! Ya shige kamar ya dawo gidan ubansa.

Ɗakin ya kaure da ihu. Rusos ya rungume shi ya sumbaci gashin bakinsa, ya rantse ranar biki zai cika mata ciki da goma sha shida. Manusos ya ce abu ɗaya kawai: "In mun zo ɗaukar amarya za mu yi harbi daga bakin hanya. Kai za ka amsa mana da ita."

Bayan sun tafi Sifis ya zauna dirshan a ƙasa.

"Argiro, na shiga uku."

"Ka shiga tara. Shekara nawa nake cewa ka jefa ta a kwazazzabo?"

"In na jefa yanzu ai an gane. In na ce ba ni da lafiya?"

"Kai da ko mura ba ka taɓa yi ba? Sifis, saurara. Yarinyar nan ta gama ɗinka zannuwan gadonta. In aka dawo mini da ita daga ƙofar coci, na rantse kai da ƙarfen nan a garke za ku ƙare. Kunamar bindiga ce fa kawai. Ka runtse ido ka ja, yara ma suna yi."

Ya so ya gwada a ɓoye, amma harsasan na hannun Rusos, kuma a duwatsun nan in ka yi atishawa ƙauye uku ke cewa lafiya. Ya roƙi ruwan sama. Ya roƙi girgizar ƙasa, ƙarama, wadda ba za ta kashe kowa ba. Ranar Lahadin biki gari ya waye tangararan.

Tun da hantsi tukwanen shinkafa ke tafasa da romon awaki, mai lira, gogen mutanenmu, na gogawa, ƙauyuka huɗu sun taru a masussuka, har da waɗanda ba a gayyata ba. Sai ga ayarin ango daga bakin hanya, bindigogi na tashi tau-tau-tau. Kowace ƙara sai kafaɗar Sifis ta zabura, mutane na cewa dubi Kaftin, jininsa ya motsa. Ayari ya iso ya tsaya. Rusos ya miƙa masa gidan harsashi cike.

Sifis ya kafa wa bindigar ƙafafu a kan katangar masussuka, bakinta na kallon kwazazzabo. Wannan kam ya iya shi. Ya kwanta, ya hango Hariklia a bakin ƙofa cikin fararen kaya tana masa murmushi. Ya manna kumatunsa a bayan bututun kamar yadda ya ga maharba zomo na yi, ya runtse ido, ya ja.

Wayyo! Bindigar nan in ta tashi duk cikinta ne ke dawowa baya. Ta kwaɗa masa mari huɗu a jere, ta fitar masa da haƙori, sannan ta shaƙe ta yi shiru da harsashi na biyar a maƙogwaro. Sifis bai tsaya ganin haka ba. Ya kurma ihu, "Maryama uwar Almasihu!" ya tashi a guje, ya tsallake benci biyu, ya kifar da fadan coci, ya je ya durƙusa bayan tukunyar shinkafa hannu biyu a kunne.

Wani ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye. Argiro ta rufe fuska da gyale. Uwar ango ta riƙo hannun ɗanta ta fara jansa baya.

Manusos ya tako a hankali har bayan tukunyar, ya tsuguna. Waɗanda ke kusa ne kawai suka ji.

"A bayan bututun ka ɗora kumatu. Wanda ya taɓa harba ta sau ɗaya ba ya sake ɗora kumatu a nan."

Sifis ya tofar da jini.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"Har ina ka kai ta?"

"Har kogin Sakariya. Na dawo da ita."

"Babu harsashi?"

"Babu." Hawaye suka zubo wa ƙaton nan, suna haɗuwa da jini a gashin baki. "Manusos, laifina ne, ba na yarinyar ba. Ba ta san komai ba. Ka tofa mini yawu a gaban kowa, a karɓe kujerar, a karɓe sunan, amma don Allah kar a mayar da ita."



"Tawa harsashin Faransa take ci," in ji Manusos. "Akwati-akwati ake kawowa. Ba ta taɓa kwana da yunwa ba." Ya buɗe tafukan hannunsa ya dube su. "Tun da na dawo ban iya yanka akuya ba. Lefteris ke yi. Mutane na cewa girma ne ya hana ni."

Ya kwance baƙin ƙyallen da ke ɗaure a kansa, ya goge wa Sifis baki da shi, ya kama damtsensa ya ɗaga shi tsaye.

"In jikoki sun zo, suruki, za su tambayi abin da kakanninsu suka yi a can. Kai za ka riƙa ba su labari. Ni kar a turo mini su."

Sannan ya juya ya daka wa mai lira tsawa, ya ce me ake jira, a fito da amarya.